Ranar da Na Shayar da Motata Manjan Surukata

Ba zan taɓa mantawa da ranar bikin sunan nan ba, ko da kuwa na so in manta, saboda mutanen ƙauyen surukaina sun yi rantsuwa ba za su bar ni in huta ba. Har gobe idan na tsayar da mota a gindin darbejiyar ƙofar gidan, sai wani ya taso daga majalisa ya leƙa ƙarƙashinta, ya tambaye ni ko miyar ta nuna. Ni kuma in yi dariyar yaƙe, zuciyata tana tafasa. Shi ya sa na ga gara in ba da labarin da bakina, tunda kowa ya ba da nasa ya zuba gishiri son ransa. Ina da laifi, ban musa ba. Amma ba ni kaɗai ba ne, kuma a kan wannan ko gaban alƙali za mu je ba zan janye ba.

Sana'ata sayen hatsi. Ina bin kasuwannin ƙauye in sayi gero da dawa da wake, in kai kasuwar Dawanau in sayar. Na daɗe ina wannan zirga-zirga a kan babur, har bayana ya fara ƙorafi, sannan Allah ya hore min na sayi mota ta hannu, otomatik, fara (ko in ce ta taɓa zama fara). Ranar da zan karɓi makulli, mutumin da ya sayar min da ita ya riƙe hannuna ya ce, "Ka ga irin wannan motar, ranta a man giya yake. Ka kula da shi, ita kuma ta kula da kai." Ya tsaya ya nuna min yadda ake dubawa.

Ba a duba shi da sanyin inji. Sai motar ta yi tafiya ta ɗauki zafi, ka tsayar da ita inda ƙasa take a daidaice, ka bar injin yana aiki, ka zaga da giyar ɗaya bayan ɗaya, ka dawo da ita fakin. Sannan ka buɗe bonet ka zaro geji, wato siririn ƙarfen nan da ke nutse cikin man, ka goge shi, ka mayar, ka sake zarowa, ka ga inda man ya tsaya. Daga nan ka shafa shi a farin ƙyalle. Idan ja ne garau, lafiya lau. Idan ya yi duhu, ya fara gajiya. Ka kuma sansana, in ka ji ƙauri, to giyabos ɗinka yana cikin wani hali. Na haddace wannan tsaf, har na sayi farin hankici na ware shi don aikin kawai.

Abin da ya same ni daga nan ciwo ne da ke kama duk mutumin da ya san abu ɗaya tak game da mota: sai kowa ya ji. A tasha na yi wa'azin man giya, a Dawanau na yi, a wajen zaman makoki ma na taɓa ja wani gefe na yi masa. Mutanen da ko keke ba su da shi sun san launin man giya mai kyau saboda ni. Maiɗakina Saratu ta ce min wata rana, da ina duba lafiyarta yadda nake duba ta motar nan, da ko ciwon kai ba za ta ƙara yi ba.

To, yanzu a saurari inda laifin wasu ya shigo. A ƙasarmu ba a yar da galan. Na man inji ya koma na kananzir, na maganin feshi ya koma na ruwan alwala, kuma ba wanda zai goge rubutun da ke jikinsa ko ya sa masa wata alama ta hankali. Da galan ɗina na farko na man giya ya ƙare, Saratu ta ce in ba ta. Na ba ta, har ina yaba shi, wai galan ne mai ƙwari (wannan ma an riƙe shi a cikin laifuffukana). Ta wanke shi da toka da sabulu da ruwan zafi, ta shanya, ta aika wa mahaifiyarta. Ni kuma na sayi sabo irinsa sak, launi ɗaya, rubutu ɗaya, na ɗan taɓa shi kaɗan na ajiye a but ɗin motar.

Mahaifiyar Saratu, Inna, mace ce mai kunya irin ta mutanen da. Saratu ce 'yar farinta, don haka ko sunan Saratun ba ta kamawa, balle nawa. Tun da na auri 'yarta ba ta taɓa yi min magana kai tsaye ba. Idan na je gaisuwa, in durƙusa a bakin zaure kaina a ƙasa, ita tana bayan katanga, gaisuwar tana bi ta bakin duk wanda ke kusa. "A ce masa ya hanya." "A ce mata lafiya lau." Ni ne "mutumin nan", ko "shi wannan ɗin". Da a ce an tara mata a kasuwa an ce in nuna surukata da fuska, da na sha wahala, amma da ƙafafu ne da nan take zan fitar da ita, don su na fi sani.

Kuma ban ɓoye muku ba, shirun nan nata yana damuna. Ban san ko tana ganina da gashi ba. Sauran surukanta, ɗaya yana da injin niƙa, ɗaya yana aikin gwamnati, ni kuwa kullum sai in iso a kan babur da ƙura har cikin kunne. Na ci burin wata rana Inna ta ce a bayan katangar nan, "Kai, mutumin nan dai ya san abin da yake yi." Abin da nake nema ke nan, ba ƙari.

Sai ga dama ta zo. 'Yar ƙanwar Inna ta haihu a wani ƙauye can gaba da Zakirai, a gidan mijinta za a yi suna. Inna ta ɗauki nauyin manjan da za a yi miyar taron, ta faɗa a gaban mata, ta sa an kawo mata mai kyau daga hannun masu zuwa kudu. Ga wanda bai sani ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Dangin uwar jariri suna so su fita kunya a gaban dangin uba, kuma dangin uban nan, in ji Saratu, mutane ne masu ido da baki. Saratu ta riga ta tafi tun kafin ranar don taya aiki. Surukina Baba ya yi sammako a kan babur don ya sami raɗin suna. Aka ce ni zan ɗauki Inna da Gwaggo Ladi, ƙanwar Baba, da kayansu, da hantsi.

Na wanke motar har da tayoyi. Na sa farar shadda sabuwar ɗinki. Lokacin bazara ne, ana ta sharar gona, tarin taki jere a ko'ina, zafin da ake yi tun safe ya isa ya narkar da komai (a riƙe wannan, zai yi amfani). Na isa, na durƙusa na gai da ƙafafun Inna, na koma gindin darbejiya wajen 'yan majalisa, 'yan matan gidan suka shiga loda kaya a but. Ban ga abin da suka loda ba. Inna da Gwaggo suka fito suka shiga baya suka zauna.

Da na shiga na ja motata mun tafi, da yau ina da mutunci. Amma ga inji da zafinsa, ga ƙasa a daidaice, ga dattawa zaune suna kallo, ga Inna a cikin mota tana iya jin duk abin da zan faɗa. Wane ne ni in bar wannan ta wuce?

Na ce, "Bari in duba man giya tukuna. Ni ba na ɗaukar manya a mota ban duba shi ba." Na faɗa da ɗan ƙarfi, saboda gilashin baya a sauke yake rabi.

Na tayar da inji, na zaga da giya, na buɗe bonet. Dattawa suka taso suka kewaye ni. Na zaro geji, na goge, na mayar, na zaro, ina yi ina bayani. Man ya ɗan yi ƙasa, kaɗan ne, wanda ko Dawanau zai kai ni ya dawo da ni. Amma na girgiza kai na ja tsaki na ce, "Kun gani ko? Da wani ne da haka zai ɗauki hanya." Na zagaya but na buɗe. Galan yana nan a baki-baki, a gaban ƙullin kaya. Na sure shi.

A nan masu ba da labarin suke tsayawa su ce, wai ban ga ƙyallen atamfa da aka ɗaura a hannun galan ɗin ba? Na gani. Na ɗauka Saratu ce ta ɗaura, don ita komai sai ta ɗaura masa ƙyalle. Wai ban ga ledar da aka sa a ƙarƙashin murfin ba? Ita ma na gani, na ce a raina ashe ina da tsari haka ban sani ba.

Ina wucewa ta gefen motar da galan a hannu sai na ji Inna ta yi gyaran murya. Na ƙara sunkuyar da kai, kamar yadda duk ɗan mutunci zai yi. Na ji ta ce a hankali, "Ladi, a ce masa ya ajiye wannan."

Gwaggo Ladi tana fama da ɗaurin kallabi, ko waigowa ba ta yi ba. Ta leƙo ta ce, "Malam, wai ka bar aikin nan haka, rana tana yi."

"Yanzun nan, Gwaggo. A ce mata ta yi haƙuri, lafiyarta nake dubawa."

Ku duba min wannan. An ba mace saƙo gajere, ta sake masa riga da wando kafin ya iso. Amma ba mai ambaton Gwaggo Ladi idan ana labarin, ni kaɗai ake gani. Na kuma ji an ƙwanƙwasa gilashi da zobe, ƙwas-ƙwas. Na ce a raina Inna ta ƙagu, na ƙara sauri, idona a kan takalmina. Daga baya aka gaya min har hannu ta ɗaga tana nuna galan ɗin. Wa zai gani? Bonet ya rufe ni, tarbiyya ta rufe min ido.

Na kafa mazurari na fara tsiyayawa. Zafin rana ya narkar da shi sarai, yana zuba ja wur. Wani dattijo ya ce, "Kai, wannan mai da kauri yake." Na ce, "Na asali ke nan, Baba. Jabun ne yake tsinkewa kamar ruwa." Wani ya ce launinsa yana da kyau. Na ce ai abin da nake gaya wa mutane ke nan kullum. Ni da nake koyar da a sansana mai, ban sansana ba, hancina yana can sama wajen jin daɗin yabo. Kuma tunda ana kallo, ban tsaya a kaɗan ɗin da ake bukata ba, na yi wa motar zubin karimci. Na rufe galan, na mayar but, na goge hannu, muka kama hanya.

Farkon tafiyar lafiya lau. Ina tuƙi da hannu biyu, ina kauce wa ramuka, ina jiran in ji ko da kalma ɗaya ta yabo daga baya. Shiru. Mun wuce Zakirai mun sauka daga kwalta mun shiga burji, sai motar ta fara wani abu. In taka, injin ya yi gurnani, ita kuwa ta yi jim tana shawara, sannan ta yi tsalle. Kan Gwaggo ya bugi rufi. Can kuma wani ƙamshi ya fara shigowa.

Gwaggo ta ce, "Ikon Allah, mutanen nan da suya suke tun da hantsi. Kin ji ƙamshi, Yaya?"

Muna tsakiyar gonaki ne, ba gida ko ɗaya, daga kuka sai tarin taki. Inna ta ce, "Na ji." Ni kuwa na ce wataƙila iska ce ta kwaso daga wani ƙauye, har na ƙara da cewa iskar bazara tana da nisan tafiya.

Da jan ciki muka isa. Daidai ƙofar gidan sunan, inda maza suke zaune a kan tabarmi ana fiɗar rago a gefe, motar ta yi gurnani na ƙarshe ta ƙi gaba ta ƙi baya. Kowa ya waigo. Baba yana cikinsu. Inna ta fita da kanta ta buɗe but tun kafin kowa, ta ɗauki galan mai ƙyalle ta tura shi ƙarƙashin mayafi, ta shige gida da sauri. Ban kawo komai a raina ba. 'Yan matan gidan suka fito suka kwashe sauran kayan kaf, har da abin da ba a ce su ɗauka ba, wato galan ɗina na gaskiya da ke can ƙurya. Wannan ma laifina ne? Ni na ce su ɗauka?

Abin da ya faru a ciki daga baya na ji shi. Uwale, yayar uban jariri, ita ke riƙe da girki. Ta gaji da jiran manja, ta riga ta zuba kabewa da tattasai da kayan cikin rago a babbar tukunya, tana ta mita a kan mutanen da ke alkawari su makara. Inna kuwa ta wuce ɗakin mai jego da galan ɗinta a ɓoye, tana tunanin da wane baki za ta ce gudummawarta ta ragu a hanya. Uwale ta hango yarinya ta shigo da galan, ta fizge, ta buɗe, ta tuntsura shi cikin miya.

Ni a lokacin ina waje na buɗe bonet, maza sun kewaye ni, kuma (Allah ya yafe min) na sake buɗe makaranta. "Abin da ake fara dubawa a irin wannan hali shi ne man giya." Na zaro geji, na shafa a hankici. Abin da ya fito ba ja garau ba ne, wani ruwan goro ne mai kumfa-kumfa. Na ce, "Sai kuma a sansana." Na kai hanci.

Miya na ji. Miyar gidanmu sak, albasa kawai ta rasa.

Jama'a, akwai lokacin da mutum yake gane komai gaba ɗaya. Ƙyallen atamfa, ledar murfi, gyaran murya, ƙwanƙwasa gilashi, suyar da ake yi a tsakiyar gonaki, duk suka dawo min a lokaci guda. Wani ya ce, "Yaya, Malam, lafiya man?" Na ce, "E to, da sauƙi." Na dunƙule hankicin na cusa a aljihun gaban farar shaddata. Zan so in ce muku nan take na yi niyyar faɗin gaskiya, amma niyyar da na yi ita ce in rufe bonet in ce batir ne.

Ban kai ga rufewa ba sai hayaniya ta tashi a cikin gida. Wani wari mai hawa kai ya biyo zaure, mata suka fito suna tari suna toshe hanci da mayafi. Uwale ta fito a gaba, galan a hannu ɗaya, ludayi a ɗaya.

"A zo a gani! Wannan shi ne manjan da aka ce za a kawo mana. Tukunya guda ta tashi aiki, da naman da komai. Da ban ji warin ba fa? Da mutane sun ci fa?"

Baba ya miƙe yana cewa a yi a hankali. Ina, Uwale ta riga ta hau. Ta juya wajen Inna da ke tsaye a bakin zaure ta ce, "Hajiya, idan ba ku da halin kawowa ai sai ku ce ba ku da hali. Ba wanda ya sa ku dole." Daga bayanta wata ta ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, "Anya kuwa kuskure ne? A ranar sunan yaro?" Wata ta amsa da "Uhm." Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san inda irin wannan magana take dosa, kuma ya san idan ta manne wa mace, har jikokinta sai sun ji ta.

Saratu tana cikin matan. Ta dubi galan ɗin da ke hannun Uwale, ta dubi motar, ta dube ni. Da wannan kallon na gwammace ta zage ni.

Na jira Inna ta kare kanta. Abu ne mai sauƙi: ta fito da nata galan daga mayafi, ta ce ga manjana, sauran yana cikin motar mutumin nan. Magana ta ƙare. Amma shiru. A nan ne, karo na farko tun da na shiga gidansu neman aure, na ɗaga kai na dubi fuskar surukata. Ashe ƙaramar mace ce, da Saratu suke kama. Ta ƙanƙame abin da ke ƙarƙashin mayafinta, idonta a ƙasa. Ta zaɓi a kira ta matsiyaciya, a kira ta abin da ya fi haka muni, da dai ta tona wa mijin 'yarta asiri a gaban maza.

Na ce, "Ni ne." Muryar da ta fito ko ni ban san ta ba, ba wanda ya ji. Na sake cewa, "Ni ne. Wancan man motata ne. Manjan Inna kuma... yana nan." Na nuna injin.

Uwale ta ce, "Yana ina?"

"A giyabos."

Iya Hansai, kakar Saratu, wadda tun ranar ɗaurin aurenmu take kirana mijinta tana tsokanata, ta dogaro sandarta ta matso. Ta dube ni sama da ƙasa, idonta ya tsaya a ƙirjina. Na duba. Hankicin ya yi aikinsa, jan tabo ya fito shar a kan farar shadda, yana faɗaɗa. Ta sa yatsu biyu ta zaro shi daga aljihuna, ta sansana, ta ɗaga shi sama yadda na saba ɗagawa idan ina bayani.

"Wallahi manja ne, mai kyau kuwa. Haba maigida, ni ina nan ina jiran cefane, ashe amaryar taka ta ƙarfe kake yi wa miya? To ka sa mata daddawa?"

Wani ya fara dariya a ƙasa-ƙasa, daga nan wuri ya ɓarke. Mahaucin da ke fiɗar rago ya ajiye wuƙa ya zauna a ƙasa. Baba ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Uwale kanta, da ta so ta ci gaba da faɗa, sai ta rufe baki da ludayi. Ni ina tsaye da geji a hannu, ga tabo a ƙirji, ga motar tana ta ƙamshinta. Wanda ya fi ƙona min rai wani tsoho ne da ban taɓa gani ba, ya dafa ni da fuskar tausayi ya ce, "Yaro, ai da ka tambaya, man gyaɗa ya fi sauƙin narkewa."

An zubar da miyar a rami aka binne saboda kaji. Na hau babur ɗin Baba na koma Zakirai na haɗo kayan miya da nama, aka haɗa da ragowar manjan Inna aka sake girki a wata tukunyar. Tuwon da za a ci da azahar sai bayan la'asar aka ci. Motar kuwa shanun huɗa aka ɗaura mata suka ja ta zuwa bakin kwalta, ina ciki ina riƙe da sitiyari, duk wanda muka wuce a gona sai ya dogara fartanya ya yi kallo. Bakanike ya juye man ya wanke giyabos ya sake juyewa, ya ce na yi sa'a tafiyar ba ta da nisa. Shi ma bai bar ni haka ba, sai da ya kira maƙwabtansa suka sansana.

Amma kafin a ja motar, da yamma, na nemi a yi min iso wajen Inna. Tana zaune a bayan ɗaki a kan tabarma, ita kaɗai, galan mai ƙyalle a gefenta ba komai a ciki. Na durƙusa daga nesa, kaina a ƙasa, na fara jero ban haƙuri ina jiran wanda zai ɗauka ya kai mata. Ba kowa a wajen.

Can ta ce, "Ɗago kanka."

Na ɗauka da wani take. Na waiga, ba kowa. Da ni take, ni ɗin nan, ba "a ce masa" ba komai. Na ɗago.

"Da ka ɗago shi da safe, da yanzu an daɗe da cin tuwo."

Na ce, "Haka ne, Inna."

Ta ɗan kau da kai tana gyara mayafi. "Ni ma da na ga kana ta bayani, dattawa suna gyaɗa kai, sai na ce ƙila haka ake yi. Tunda kai ka san mota." Ta dubi galan ɗin. "Amma ka yi magana a inda ake bukata. Allah ya yi albarka. Tashi ka je."

Kun ji yadda na sami yabon da na daɗe ina nema. Ba a kan mota ba, ba a kan farar shadda ba, sai da na zama abin dariyar ƙauyuka biyu tukuna. Kuma kada wani ya ɗauka daga nan muka zama abokan hira. Washegari ta koma bayan katangarta, na koma "mutumin nan".

Har yanzu ina duba man giya, kuma har yanzu ina kan bakana cewa mai zuba manja a galan ɗin man mota, da mai sauya saƙo a hanya, da masu kwashe kayan da ba a aike su ba, duk suna da kaso a wannan abin kunya. Ba wanda ya yarda da ni, har Saratu. Sai dai na daina bayani idan ina dubawa, kuma ina sansana galan kafin in sansana geji. Idan kuwa ina wucewa na ji Inna ta yi gyaran murya, kunya ko ba kunya, tsayawa nake cak in ɗago kai in ga me take nunawa.

Da Saratu ta haihu bara, Inna ta aiko da gudummawar manja. A cikin kwano mai murfi ta zuba shi, ta kuma ce a gaya wa mutumin nan na miya ne.